Ɗakin Soso

Duk layin nan ba wanda bai san Injiniya ba, kuma ba wanda ya taɓa jin muryarsa ta wuce ta gaisuwa. In zai wuce dattawa sai ya rage tsawo, in ya ga tsohuwa da kaya sai ya karɓa. A wani kamfanin wasannin bidiyo yake aiki, irin waɗanda ake bugawa a waya, shi ke haɗa musu sauti. Duk saran takobi, duk karyewar ƙashi, duk ƙofar da aka ɓalle a cikin wasan, ƙarar daga hannunsa take fitowa.

Kamfanin kuwa ya yi masa gata, ba za a ɓoye ba. Sau ɗaya a mako yake leƙa ofis, sauran ranakun a gida yake aiki. Sun aiko masa da kwamfuta da makirufo mai dogon wuya, sun turo ma'aikata suka liƙe ɗakin ƙurya da baƙin soso tun daga ƙasa har rufi, suka sa wata ƙofa mai kauri da roba a bakinta. Ranar da aka gama, ya tsayar da matarsa a falo, ya shiga ya rufe, ya yi ta dukan murfin tukunya da ludayi. Ko ƙis ba ta ji ba. Da ya fito suka yi ta dariya, har 'yarsu Tsuntsuwa, mai shekara huɗu, wadda surutunta ya ja mata sunan.

Matan layi kan ce wa matar, "Ke kam kin caɓa. Miji a gida kullum, asibiti kyauta, ga shi ko ƙuda ba ya iya kashewa." Ita ma a lokacin haka ta ɗauka.

Da farko ma aikin wasa ne a wurinta. Ita ke sayo masa kabeji da kankana da rake, domin da su ake yin ƙarar. A maka wa kabeji sanda, ka ji kamar an fasa kai. A karya rake, ka rantse ƙashin mutum ne. Kabejin da ya sha dukan kawo wuƙa da safe, da yamma sai ta yanka shi ta dafa musu. Yana da wata ɗabi'a ta masu wannan sana'a: kafin kowace ɗauka sai ya sunkuya ga makirufo ya faɗi abin da za a ɗauka da lambarsa, sannan ya tafa sau ɗaya, don ya gane farkon wurin in ya zo yankawa. "Fasa kai, ɗauka ta uku." Tas! Tsuntsuwa ta haddace, tana yawo a tsakar gida tana tafawa tana kwaikwayonsa.

Sai kamfanin ya shiga wani sabon wasa na yaƙi, ya kuma sallami rabin mutanen sashensu a mako guda. Masu yin murya da ake ɗaukowa a da aka ce babu halin kiransu, kowa ya yi dabara. Ana bukatar ihun mace a wurin da mahara suke fasa wani gida. Ya ce matarsa ta gwada. Ta tsaya gaban makirufo ta kwarara ihu, sai dariya ta ƙwace mata. Suka yi sau goma, ya zaɓi mai dama-dama ya aika. Ogansa ya dawo da shi da layi ɗaya: wannan ai ihun wadda ta ga kyankyaso ne, kwana uku ya rage.

Rana ta biyu, bayan azahar, suka sake shiga. Idonsa ya yi ja don rashin hutu. "Ihun mace, ɗauka ta goma sha ɗaya." Tas! Ta buɗe baki, ta hango fuskarsa a murtuke da abin sauraro a kunne, dariya ta sake kama ta.

Ba ta ga tahowar hannun ba. Sai dai ta ji kunnenta na hagu ya ɗauki wuta, kanta ya bugi soso, wata ƙara ta fita daga bakinta wadda ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Ya durƙusa nan take. "Subhanallahi! Me na yi? Ki yafe mini, wallahi shaiɗan ne." Ta kusa yarda. Amma tana cikin kuka ta ga idonsa ya zame daga kanta ya koma kan allon kwamfuta, inda ihunta ya bar dogon zane, ga jar fitilar ɗauka tana nan a kunne. Ya daɗe yana kallon zanen nan. Kallon ya fi marin yi mata ciwo.

Washegari ogan ya yabe shi a gaban kowa. Aka ce ihun nan ya sa tsigar jikin mutane ta tashi, a kawo irinsa guda ashirin.

Daga nan ne ranakunta suka lalace. Ba kullum ba, sai ranar da aiki ya bukata, kuma da rana tsaka, lokacin da layi yake cike da mutane. Mai shago yana awo, mai gyaran babur yana buge-bugensa, maƙwabciya tana shanya, ita kuwa tana bayan ƙofar nan. Ya daina taɓa fuska, sai baya da cinya da haƙarƙari. Ya gwada bel, ya ce ƙarar bel ɗin tana shiga cikin muryar. Ya koma wayar lantarki. Da ya lura tana ƙanƙame jiki tun kafin dukan ya sauka, sai ya ce, "Kina riga ni, ihun yana fitowa a shirye. Juya ki kalli bango." Haka za ta tsaya, goshinta a jikin soso, ba ta san ta ina zai zo ba, ba ta san yaushe ba, sai dai ta ji lamba, ta ji tafi, sannan shiru mai tsawo.

Wata rana har gyara ya yi mata. "Ki daina kiran Baba a ciki. Sai na zauna ina yankewa, kina ɓata min lokaci."

In an gama sai ya kawo ruwan zafi da tsumma ya gasa mata da kansa, yana magana a hankali kamar likita. "Kin ɗauka daɗi nake ji? Aiki ne. Mutum shida aka kora a sashenmu, kin fi so in zama na bakwai? Minti goma ne fa kawai. Wasu matan a rana suke wuni suna fasa dutse." Rannan kuma sai ya shigo da turmin atamfa.

Ta tsane shi, kuma ta tsani kanta da take tashi ta bi shi in ya kira. Kunnen hagun bai sake dawowa ba. Tafi ya zame mata abin tsoro, ko Tsuntsuwa ce ta tafa a wasa sai ta ji fitsari yana neman kubce mata. Abu ɗaya ta riƙe, shi ne ya hana ta haukacewa: yarinyar nan ba za ta taka ɗakin soso ba. Ta hana ta ko taɓa ƙofar. Duk ranar da ta ga ya fara gyara makirufo, sai ta kai ta gidan maƙwabciya tukuna. Tsoronta kuwa yana da tushe, domin ta taɓa jin sa, yarinyar na kuka don ta faɗi, ya karkata kai yana saurare ya ce, "Muryar 'yar nan tana da kyau. Tas take fita."

Ta fara kai ƙara wurin uwarsa. Ta rufe ƙofa ta ɗaga riga ta nuna mata bayanta. Tsohuwar ta kalla, ta kau da kai, ta ce, "Sauke, sauke. Ni ban haifi mugu ba. Matsin aiki ne, kin san aikin nasu na ƙwaƙwalwa ne. Wannan aikin shi ke riƙe da ni, shi ke riƙe da ƙannensa, shi ke riƙe da ke. Kar ki zama sanadin tsiyarmu. Mahaƙurci mawadaci, 'yar nan."

Sai ta ɗauki Tsuntsuwa ta tafi gidansu. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, daga Baba sai Yayanta, kuma ba ta iya buɗe musu bayanta ba. Da baki ta faɗa. Baba, wanda yake kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ya tura Yaya ya bincika. Yaya ya zaga layin gida-gida. Mai shago ya ce Injiniya? Haba. Maƙwabciya ta ce katangarsu ɗaya, da ana duka ai da ta ji, ita ko tari ba ta taɓa ji ba. Da yamma Injiniya ya zo da kansa, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, wasan kwaikwayo ne. Murya muke ɗauka, wani lokaci sai na ɗan tsorata ta don ta fito da kyau. Ita ce ta ɗauka da zafi. Amma na yi kuskure, a yi haƙuri."

Yaya, wanda ba shi da abin alfahari a majalisa kamar ya ce surukinsa ne ya yi ƙarar wasan da kowa ke bugawa, ya ce, "Ke ma dai, ƙanwata. Mutanen layi guda za su haɗu su yi ƙarya ne?"

"Ɗakin ba ya fitar da ƙara, Yaya."

"To, ai kin ji. Abin da ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Baba ya ce, "Uwata, koma ɗakinki. In ya sake, ki zo ki gaya mini." Kamar wannan zuwan ba gaya masa ta yi ba.

Ta koma. Ranar ba lamba, ba tafi, ba jar fitila. Wannan dukan nasa ne na kansa, ba na kamfani ba, kuma sai da ta kwana biyu ba ta iya miƙewa sosai.

Wasan ya fito, ya karɓu, aka ƙara masa girma. Sai aka ce za a ƙara sabon mataki, inda gari ya ƙone. Wata Asabar da hantsi ya ce ta je kasuwa ta sayo kankana babba, ta bar Tsuntsuwa tunda barci take. Ta sa mayafi ta fita. Ta wuce shago, ta wuce wurin mai gyaran babur, har ta kai bakin titi, sai ta tsaya cak. Akwai kankana a gida. Jiya ta sayo, tana nan a ƙarƙashin tebur ko yankawa ba a yi ba. Kuma da safe, da ta kai masa shayi, ta ga ya sauke wuyan makirufo ƙasa-ƙasa, daidai ƙugunsa. Ta ɗauka gyara yake yi.

Ba ta san lokacin da takalmanta suka fita ba. Ta banke ƙofar gida ta bar ta a buɗe, ta ratsa falo. Ƙofar ɗakin soso tana kan rufuwa. Ta ragowar tazarar ta hango Tsuntsuwa zaune a kan 'yar kujera gaban makirufo, da alewa a hannu, tana lilo da ƙafa, ga wayar lantarki a naɗe a kan tebur. Muryarsa ta fito a natse.

"Kukan yarinya, ɗauka ta ɗaya."

Ta cusa hannunta na dama tsakanin ƙofar da bango.

Ya leƙo, ya gan ta, ko gezau bai yi ba. "Cire hannunki. Sau ɗaya ne kawai, kaɗan zan taɓa ta. Yara ba sa riƙe abu."

"Miƙo min 'yata."

"Na ce ki cire."

Ba wanda ya san ƙofar nan kamar ita. Ta san nauyinta, ta kuma san in robar nan ta haɗu da bango, duniya ta ƙare a ciki. Ta ƙara tura hannun har wuyansa.

Ya ja ƙofar baya, ya maka ta da dukan ƙarfinsa. Ta ji yatsunta sun ba da irin ƙarar raken nan. Ihun da ta yi ya ratsa falo, ya fita ta ƙofar da ta bari a buɗe, ya sauka a tsakiyar layi. Ya sake makawa. Ba ta cire ba. A karo na uku ta sa kafaɗa da gwiwa ta danna, ta faɗa ciki rabin jiki, ta kwanta a bakin ƙofar yadda ba za ta rufu ba ko da giwa ce ke turawa. Tsuntsuwa ta yar da alewa ta tsala kuka. Ya ɗauki ƙarfen makirufo ya sauke mata a baya, ya sauke a kafaɗa, ya sa ƙafa yana tura ta waje kamar buhu. Ta kama ƙafar da hannu mai lafiya ta kafa mata haƙora har ta ji gishirin jini. Duk wannan ba ta daina ihu ba. Wata takwas tana yi wa soso ihu, yau kam sai mutane sun ji.

Mai gyaran babur ne ya fara shigowa da sifana a hannu, sai mai shago, sai maƙwabciya ba ko ɗankwali. Suka tarar da ƙarfen a sama. Mai gyaran babur ya shaƙo shi ta baya ya buga shi da bango, sosonsa ya tare masa kai. Maƙwabciya ta tsallake matar ta sure yarinyar, ta ga wayar lantarki, ta ga kujerar, ta ga jinin da ke bin bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ka tana salati.

Injiniya ya gyara abin sauraron da ya zame masa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce da muryar nan tasa ta gaisuwa, "Jama'a, lafiya? Aiki fa nake yi." Jar fitilar tana kunne a bayansa.

Yatsu uku ne suka karye, da haƙarƙari ɗaya. Da la'asar Baba da Yaya suka iso asibiti. Likita mace ce, ba ta da kunyar kowa, ta kira su ta nuna musu bayan, sabon tabo a kan tsoho. Baba ya zauna a bakin gado. Yaya ya tsaya yana murza hula.

"Wallahi ƙanwata ba mu sani ba. Da mun ji ko sau ɗaya..."

Ta juyo da kunnenta mai ji. "Yaya, wasan nan yana wayarka?"

Ya zaro ta daga aljihu. "Yana nan."

"Buɗe. Ka je wurin da ake fasa gidan."

Bai yi lalube ba, yatsansa ya san hanya. Ƙarar ɓalle ƙofa, takun mahara, sannan ihun mace ya cika ɗakin, ya hau, ya karye, ya ƙare da wata 'yar shessheƙa sau biyu, kamar mai shaƙuwa.

Baba ya miƙe tsaye. Wannan shessheƙar ya san ta tun tana goye, haka take rufe kukanta tun ranar da ta fara kuka a duniya. Ya ce, "Kashe. Kashe abin nan!" Ya juya ga ɗansa. "Sau nawa ka buga wurin nan?"

Yaya ya kashe wayar. A majalisa shi ne gwanin wannan matakin, har nuna wa mutane yake yi yadda ake wucewa.

Ta ce, "Kun ji, Yaya. Kullum kuna ji. Mai shago ma yana da shi a wayarsa."

Auren ya mutu a makon. Kamfanin ya sallami Injiniya a asirce, ya aiko da takarda mai ladabi cewa ba shi da masaniyar abin da ma'aikaci yake yi a cikin gidansa. Gaskiya ne kuwa, ba su tambaya ba. Mutum ya kawo musu ihu ashirin da ba a taɓa jin irinsu ba, babu mai yin murya, babu sunan kowa a takarda, ba wanda ya ce, wace ce wannan? Sun aiko an kwashe kwamfuta da makirufo, har soson sun ɓamɓare. Ihun ne kawai ba su cire ba, wai masu wasa sun saba da shi. Uwarsa kuwa har yau tana gaya wa mutane cewa mace ce ta raba ɗanta da abincinsa.

Ɗakin da Baba ya ba ta, ranar farko ta sa Yaya ya cire ƙyauren ta rataya labule. Yatsun sun haɗe a karkace, ba sa lanƙwasuwa. Tsuntsuwa ta daina wasan tafi, ba wanda ya hana ta.

Wata safiya ta goyo yarinyar za su asibiti a duba hannun. A bakin titi samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna ta shewa. Ta ji ƙofa ta ɓalle, ta ji takun mahara, ta san abin da ke biye. Ƙafafunta suka tsaya da kansu. Ɗaya daga cikin samarin yana cewa, "Ƙaro murya, nan ne wurin da ya fi daɗi."

Sai ta ji motsi a bayanta. Tsuntsuwa ta zaro hannu daga cikin zani, ta lalubo kunnen uwarta na dama, mai jin, ta toshe shi da ɗan tafinta.

"Mu tafi, Umma," in ji ta. "Na rufe miki."